Makaranta ta ce kada a sa wa yara auduga ranar zuwa dutse, to me zan sa mata a ciki?

Maman Ikram, Kalgari:
Assalamu alaikum jama'ar gida. Don Allah ina neman shawarar waɗanda suka riga mu zuwa. Wannan ne sanyinmu na farko a Kanada, a watan Agusta muka iso daga Zariya. Jiya Ikram ta dawo da takarda daga makaranta, 'yan ajinsu za su je Nakiska nan da mako biyu a koya musu gudun zamiya a kan dusar ƙanƙara, wato siki. Takalmi da katakon zamiyar da hular kwano duk a can za a ba su haya. Amma a ƙasan takardar an ja layi an ce kada a sa wa yaro kayan auduga a ciki, kuma ban da wandon jins. To ni nan kaina ya ɗaure. Tun tasowata abin da na sani shi ne auduga ce lafiyar fata, yadin roba ake gudu. Na riga na saya mata jaket mai kauri, kuma niyyata in haɗa mata singileti biyu da suwaita biyu a ciki. Shekarunta 10. Ni ma na sa sunana cikin iyayen da za su yi rakiya, don hankalina ba zai kwanta ba in ina gida. Me zan sa mata, me zan sa wa kaina?

Baban Fadil, Edmanton:
Wa alaikumus salam Maman Ikram, barka da zuwa, Allah ya sa kun shigo a sa'a. Ki bi abin da takardar ta ce, gaskiya suka faɗa miki. Ni sai da na ji a jikina kafin na yarda.

Shekarata ta biyu a nan abokan aiki suka ja ni yin siki a Banf, wani gari a cikin duwatsu. Na shirya irin shirin da kike shirin yi wa Ikram: singileti, riga mai dogon hannu, suwaita biyu, sannan jaket. Daga wurin ajiye motoci zuwa inda ake karɓar kaya, ina saɓe da katako a kafaɗa, ga takalmi mai nauyi kamar an ɗaura min turmi, kafin in isa bayana ya jiƙe sharkaf da gumi. A lokacin har daɗi nake ji, ina ganin na fi kowa dabara. Sai aka ɗora mu a kujerar nan da ke rataye a waya tana hawa da mutane kan dutse. Minti goma kana zaune a sararin Allah, ba motsi, iska na dukanka ta ko'ina. Wallahi kafin mu kai sama ji nake kamar an tsoma tsumma a randa an manna min a gadon baya. Haƙorana suka riƙa haɗuwa, hannuna ya kasa riƙe sanda. Sau biyu kacal na sauko na koma ɗaki na zauna gaban na'urar ɗumama har yamma.

Ki tuna yadda randa ke sanyaya ruwa. Ruwan ne ke tsatsafowa ta jikin ƙasar, iska ta busa, ya tafi da zafin. Haka auduga take yi a jikin mutum: ta sha gumi, ta riƙe shi, ta yi ta sanyaya ki. Shi ya sa muke sonta a Zariya cikin watan Afrilu, kuma shi ya sa take cutarwa a kan dutse cikin Janairu. Ruwa yana janye zafin jiki fiye da iska kamar sau 25. Don haka a wurin wasan nan gumin jikinki ya fi sanyin waje haɗari, kuma rigar da ke taɓa fata ita ce ke yanke hukunci, ba jaket ɗin da kowa ke gani ba.

Hawa uku ake yi. Na farko riga da dogon wando masu kama jiki, na ulu ko na poliyesta, aikinsu su kwashe gumi daga fata su tura shi waje. Na biyu abin da zai riƙe ɗumi, kamar rigar filis mai zif (yadin roba ne mai laushi kamar bargo) ko suwaitar ulu, guda ɗaya. Na uku jaket da wando masu tare iska da ruwa. Shi ke nan.

Alhaji Garba, Winifeg:
Baban Fadil, ni fa ban gamsu ba. Shekarata 19 a Winifeg, garin da ake ganin digiri 35 ƙasa da sifili ba a yi mamaki ba. Singiletina na auduga nake sawa da kaftani, in ɗora babbar jaket, ban taɓa kwanciya asibiti don sanyi ba. Kada a sa baiwar Allah kashe kuɗi a kan tallan 'yan kasuwa. Sabon zuwa ce, hidima ta yi mata yawa.

Baban Fadil, Edmanton:
Ranka ya daɗe Alhaji, maganarka gaskiya ce a inda kake. Amma daga gida zuwa mota, daga mota zuwa masallaci ko ofis, ba a gumi. Auduga busasshiya ba ta da laifi. Yarinyar nan kuwa wuni za ta yi tana faɗuwa tana tashi, tana tura kanta da sanda, sannan a ɗora ta a kujera ta zauna shiru cikin iska. Zafi, sanyi, zafi, sanyi, wajen awa biyar. A nan ne audugar ke juyawa ta zama abokiyar gaba.

Alhaji Garba, Winifeg:
To, na ji wannan. Ni dai ban taɓa hawa dutsen ba, kuma ba ni da niyya. Amma a nemo mata hanya mai sauƙi.

Hauwa, Otawa:
Hanya mai sauƙi tana nan Alhaji. Maman Ikram, yarana uku, duk sun yi irin wannan fitar. Poliyesta nake saya musu, saiti ɗaya riga da wando, a Costco ko Decathlon ko Walmart, kuɗinsa bai kai rabin na ulu ba. Ya fi ulu saurin bushewa, ya fi jure wanki, kuma yaro ɗan shekara 10 baɗi ya wuce kayan, to me zai sa ki zuba kuɗi? Aibinsa ɗaya, wari. In aka yi gumi a ciki wuni guda sai an wanke.

Abin da nake so ki kiyaye shi ne wannan: kada ki yarda da sunan da aka rubuta a jikin leda. Akwai dogayen wanduna da riguna masu saƙar gida-gida da ake sayarwa a matsayin kayan ɗumi, kin taɓa su kin ji kauri, alhali yawancinsu auduga ce. Ki juya rigar, ki nemi 'yar takardar da ke ɗinke a gefe, ki karanta. In kin ga auduga, ko da rabi ce, ki ajiye. Har da ɗan kamfai da shimi, su ma a duba, don su ne ma suka fi manne wa fata. Mutane na sayen saiti mai kyau, sannan su sa singiletin auduga a ƙarƙashinsa, aikin ya zama na banza.

Ɗan Oslo:
Anti Hauwa ki yi haƙuri zan ɗan saɓa miki. Ni ɗalibi ne a Norwe shekara huɗu, kuma a nan ba a muhawara a kan wannan: ulu ne a jikin fata, tun daga jariri. Yaran makarantar reno kullum sai an fita da su waje, ko ana zuba dusar ƙanƙara, kuma abin da malamai ke nanata wa iyaye shi ne ulu a ciki. Suna da karin maganarsu cewa babu mugun yanayi, sai dai mugun tufafi.

Dalilin da na fi son ulu ga yaro shi ne yaro ba ya lura da jikinsa. Poliyesta yana bushewa da sauri, haka ne, amma da zarar ka tsaya da motsi sai ka ji sanyi ya tsarga maka. Ulu kuwa yana iya shanye danshi kusan kashi 30 cikin 100 na nauyinsa ba tare da ka ji shi a jiƙe ba, kuma ko ya jiƙe bai daina riƙe ɗumi gaba ɗaya ba. Ga mai koyo, wanda rabin lokacinsa a tsaye yake yana sauraron malami ko yana zaune a ƙasa bayan ya faɗi, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Sannan ba ya wari. Nakan sa riga ɗaya kwana uku a tafiyar daji, in shanya ta da dare, da safe in mayar.

Maman Ikram, Kalgari:
Ƙanina na Oslo, ulu ba ya ƙaiƙayi? Akwai wata suwaita da mahaifiyata ta saƙa min muna yara, in na sa ta ba shimi sai wuyana ya yi ja. Ikram kuma fatarta ba ta son wahala, tana da ƙyasbi a bayan gwiwa.

Ɗan Oslo:
Anti, wancan ulun daban. Wanda ake kayan ciki da shi na tumakin merino ne, asalinsu daga Sifen, yanzu an fi kiwonsu a Ostareliya da New Zealand. Silin gashinsu siriri ne ƙwarai, kaurinsa ƙasa da maikron 20 (maikron kashi ɗaya ne cikin dubu na milimita), alhali gashin kan mutum yakan ninka haka sau uku ko fiye. Saboda sirantarsa lanƙwashewa yake yi in ya taɓa fata, ba ya suka. Duk da haka akwai masu fatar da ba ta ɗaukarsa, don haka ki sa mata a gida ta wuni da shi kafin ranar. In ta fara susa, ki koma shawarar Anti Hauwa, ba asara.

Za ki ga lamba a jikin kayan, 150 ko 200 ko 250. Nauyin yadin ne, giram nawa a kowace murabba'in mita. 150 mara nauyi ne, na masu gudu sosai. 200 shi ne tsaka-tsaki, shi zan ce ki saya mata. 250 na ranar tsananin sanyi ne ko na wanda zai fi tsayuwa, kamar ke da za ki yi rakiya. Kuma ya kama jiki, ba matsewa ba, amma kada ki sayi babba don ta girma a ciki. In bai taɓa fata ba, ba zai kwashe gumin ba.

Hauwa, Otawa:
Ban musa ba, ulu ya fi daɗi, ni kaina shi nake sawa. Amma ka faɗa mata gaskiyar kula da shi. Rigar merino ta farko da na saya, maigidana ya haɗa ta da tawul ya jefa a injin busarwa da zafi, ta fito daidai jikin 'yar autata. Ruwan sanyi ake wanke shi da shi, a shimfiɗa ya bushe da kansa. Kuma asu na cinsa in an ajiye da datti lokacin bazara. Sannan duka biyun, ulu da poliyesta, kada a zuba musu ruwan nan mai ƙamshi na tausasa kaya, yana toshe yadin ya daina jan gumi. Akwai kuma masu haɗin ulu da roba a yadi ɗaya, sun fi ƙarko, kuɗinsu ma da dama-dama.

Umar, Kano:
Salam. Ina bin zancen nan da kyau don ni ma ina jiran biza, karatu zan je Saskatun. Dama niyyata in shiga Ƙofar Wambai in cika jaka da kayan sanyi na gwanjo. In fasa ke nan?

Baban Fadil, Edmanton:
Kada ka fasa gaba ɗaya Umar, amma ka shiga da ido. Gwanjon nan daga ƙasashen sanyi yake fitowa, don haka akan dace da rigar filis ko suwaitar ulu ta gaske a cikin dila, a kuɗin da ba za ka samu a nan ba. Karanta takardar gefe kawai, kamar yadda Hajiya Hauwa ta ce. Takalmi da babbar jaket kuwa ka bari sai ka zo, don sanyin hunturunmu na gida da na Saskatun ba su haɗa hanya ba, abin da zai yi maka kauri a Kano a can rigar shan iska ce. Nan ma akwai gwanjo, Value Village da ire-irensa. Maman Ikram, ke ma ki leƙa can don filis da wandon dusar ƙanƙara na yara, galibi ba su tsufa ba aka bayar da su.

Anti Nas, Winifeg:
Sai yanzu na taso daga aiki na ga zancen. Kun yi maganar jiki, ba ku yi ta gaɓoɓi ba, kuma mu a asibiti yatsu da kunnuwa da hanci muke gani.

Safa ƙafa ɗaya tak, doguwa har gwiwa, ta ulu. Na san zuciyar uwa za ta ce a sa biyu ko uku. Kada ki yi. Takalmin siki a matse yake dama, in kika cusa safa biyu jini ba zai zagaya ba, ƙafar ta fi saurin ƙanƙarewa, ga kuma ƙuraje saboda naɗewar safar. Kada kuma ki tura ƙafar dogon wandon cikin takalmin, a bar shi a sama, safa kaɗai ce a ciki. Safar hannu ki saya mata irin wadda yatsu huɗu ke zama a aljihu ɗaya, ta fi mai yatsu rarrabe ɗumi don yatsun na ɗumama juna. Ki sa ta biyu a jaka, yara na jiƙa ta farko kafin azahar.

Ki duba hasashen yanayi da safen, kuma lambar da za ki duba ita ce ta sanyi haɗe da iska, ba ta ma'aunin zafi kaɗai ba. Hukumar yanayi ta Kanada ta ce in wannan lambar ta kai 28 zuwa 39 ƙasa da sifili, fatar da ke buɗe na iya daskarewa cikin minti 10 zuwa 30. Makarantu kan soke fita in abin ya yi tsanani, amma ke ma ki sani.

Abu na ƙarshe, kuma don Allah kowa ya riƙe wannan. Takardun da ake rabawa suna cewa a lura da fata in ta yi ja sannan ta yi fari. A baƙar fata irin tamu ba lallai ki ga haka ba. Sai dai wurin ya yi toka-toka ko ya dusashe, ya yi tauri kamar kakin zuma, yaro ya ce ba ya jin wurin. Don haka ki riƙa taɓawa kina tambaya, kada ki dogara da ido. In ya faru, a shiga ɗaki, kada a murza, kada a goga dusar ƙanƙara, kada a kara a jikin hita. Ruwa mai ɗumi kamar na wankan jariri, digiri 37 zuwa 39, a tsoma a hankali, sannan a nemi ma'aikatan lafiya na wurin. In kuma yaro na ta karkarwa, maganarsa ta fara harɗewa, yana tuntuɓe yana jin barci, wannan sanyi ya shiga ciki ke nan, a cire masa jiƙaƙƙun kaya a lulluɓe shi a kira taimako nan take.

Maman Sultan, Toronto:
Allah ya saka da alheri Anti Nas. Ni dabarata, kafin su fita nakan shafe musu fuska da basilin ko man kaɗanya sosai, kamar yadda ake mana da hunturu. Yana tare sanyi.

Anti Nas, Winifeg:
Maman Sultan, man yana hana bushewa da faso, wannan gaskiya ne, ni ma ina shafawa. Amma ba ya hana fata daskarewa. An yi bincike a kan matasan da ke aikin soja a Finlan, inda su ma suke da al'adar shafa mai a fuska lokacin sanyi, aka ga bai kare su ba, har ma masu shafawar sun fi samun daskarewar fuska da kunne. Yana sa mutum ya ji kamar fuskarsa a rufe take, sai ya ƙi rufe ta. Ki shafa da dare bayan wanka, da rana kuma a rufe fuska da kyalle. Abin da ya kamata a shafa da safe shi ne man kariya daga rana da na leɓe, don sabuwar dusar ƙanƙara na mayar da kusan kashi 80 cikin 100 na hasken rana mai ƙuna, kuma baƙar fata ma tana ƙonewa. Idanu ma haka, kada ta cire tabarau ɗin.

Maman Sultan, Toronto:
Ikon Allah. Shekara shida ina yi ban sani ba. Na gode Anti.

Maman Ikram, Kalgari:
Ina ta rubutawa a takarda wallahi. Saura tambaya biyu da suka fi damuna. Ikram ta fara sa hijabi bana, da kanta ta zaɓa, ba na so ranar farko da za ta fita wasa da ƙawayenta ta ji kamar hijabin ne matsala. Yaya za a yi da hular kwano? Sannan ni, ina zan sa doguwar rigata?

Hauwa, Otawa:
Wannan kam kin zo gida. A wurin siki babu wanda ya kai mai hijabi dacewa, don kowa a rufe yake ruf, ido kaɗai ake gani. Ki saya mata hular nan mai rufe kai da wuya gaba ɗaya ta bar fuska, siririya, ta merino ko poliyesta. Ita ce hijabin, ita ce kuma abin ɗumin, hular kwano ta zauna a kai daidai. Ƙawayenta ma irinta za su sa. Ki haɗa mata da zoben wuya na yadi da za ta ja ya rufe hanci in iska ta taso. Abin da ba a so: hijabin auduga, don numfashi na jiƙa shi ya daskare a haɓa, allura ko fil a ƙarƙashin hular kwano, da gyale mai jela. Wannan na ƙarshen haɗari ne na gaske, yana iya maƙalewa a kujerar hawa ko igiyar da ke jan masu koyo. Kitson ma a yi mata shi kwance zuwa ƙeya, kada a tara gashi a tsakiyar kai, hular ba za ta zauna ba. Kuma kada a sa hular sanyi mai kauri a ƙarƙashin ta kwano.

Ke kuma, wandon dusar ƙanƙara dama burgujeje ne, ba ya nuna sura. Ki ɗora jaket mai tsawo zuwa cinya ko gwiwa. Abaya ki bar ta a mota, don gefenta zai sha dusar ƙanƙara ya jiƙe ya yi nauyi. Tunda tsayuwa za ki fi yi, hawanki na tsakiya ya fi na Ikram kauri. 'Yar jaket mai gashin agwagwa a ciki ta fi komai ɗumi ga mai tsayuwa, sai dai in ta jiƙe ta tashi daga aiki, don haka ta zauna a ƙarƙashin mai tare ruwan.

Baban Fadil, Edmanton:
Ƙari a kan na Hajiya Hauwa. Maman Ikram, kada yanayin cikin Kalgari ya ruɗe ki ranar. Garin yana kan tudu kamar mita 1,000, gindin Nakiska kuwa ya haura mita 1,500, kuma duk hawan mita 1,000 zafi na raguwa da kamar digiri 6. Wurin ba wasa ba ne, a can aka yi tseren gangara na gasar Olamfik ta 1988. Sannan yankinku na da iskar nan mai ɗumi da ake kira Shinuk, wadda kan sauko daga duwatsu ta ɗaga zafi da digiri goma ko fiye cikin 'yan awoyi. Ana iya fita da safe ana karkarwa, da rana a ji kamar bazara ta shigo. Amfanin hawa-hawa ke nan: a cire ɗaya a sa a jaka, a mayar in rana ta yi sanyi. Jaket ɗaya mai kauri ba ta ba ki wannan zaɓin. Ki koya wa Ikram tun a gida cewa da ta fara jin zafi ta zuge zif, kada ta jira sai ta jiƙe. A cikin bas ma ta cire jaket, tafiyar awa guda ce da hita a kunne, yara da yawa tun a mota suke jiƙewa.

Ɗan Oslo:
Wannan na zif shi ne sirrin duka. Mu da ke yin siki na tafiya a fili, ba na gangara ba, a dajin Nordmarka bayan gari, ƙa'idarmu ita ce ka fara tafiya kana ɗan jin sanyi. In ka bar mota kana jin ɗumi daidai, bayan minti goma za ka yi sharkaf. Rigar ciki da 'yar jaket mai tare iska kawai nake sawa ko a digiri 10 ƙasa da sifili, mai kaurin tana jaka sai an tsaya shan shayi. Na faɗa ne don masu zuwa dajin Gatino daga Otawa yin irin wannan siki na fili, kada su ɗauki shirin gangara su kai can. Na Ikram dai gangara ne, a bar ta da hawa ukunta.

Maman Ikram, Kalgari:
Malam Habibu in kana kusa, azahar da la'asar duk a can za su same ni, ga rana na faɗuwa tun wajen ƙarfe biyar. Zan iya shafa a kan safar ulun?

Malam Habibu, Kalgari:
Ina nan Hajiya. A mashhurin mazhabar Malikiyya da muka taso a kai, shafa a kan huffi ne na fata, ko safar da aka lulluɓe da fata, da sharaɗin an sa shi bayan cikakkiyar alwala. Hanbaliyya da wasu malamai sun halatta shafa a kan safa mai kauri da ta rufe idon sawu, wuni ɗaya da dare ɗaya ga mazaunin gida, kwana uku ga matafiyi. Saɓani ne sananne, kowane ɓangare da hujjarsa. In kin tsaya a kan na gida, ɗakin hutawar wurin yana da banɗaki da ruwan ɗumi. Abin da zan roƙe ki shi ne ki tafi da ƙaramin tawul ki tsane ƙafa da hannu da fuska sarai, har tsakanin yatsu, kafin ki mayar da safa ki fita. Na taɓa fita da danshin alwala a gemu a irin wannan wurin, kafin in kai mota ya zama ƙanƙara.

Alhaji Garba, Winifeg:
Na karanta duka. A sa wa yarinyar dabino a aljihu da shayi a fulas, ciki ba komai ba ya riƙe ɗumi. Wannan dai ba sai an je kanti mai tsada ba.

Anti Nas, Winifeg:
Wannan gaskiya ne Alhaji, har da ruwan sha. A sanyi ba a jin ƙishi amma jiki na bushewa.

Maman Ikram, Kalgari:
Jama'a mun je mun dawo, alhamdu lillahi. Ga yadda aka yi. Na saya wa Ikram merino mai lamba 200, ta wuni da shi a gida ranar Asabar ba ta yi susa ba, ni kuma na ɗauki poliyesta don kuɗin bai isa biyu ba. Filis da wandunan waje a gwanjo na samu. Da muka isa digiri 14 ne ƙasa da sifili, da 'yar iska. Ta faɗi ya fi sau ashirin, tana tashi tana dariya. Da aka shiga cin abinci na zura hannu ta wuyan rigarta na taɓa bayanta, a bushe yake, da ɗumi. Wani yaro a teburinmu da aka sa wa riga mai hula ta auduga a ciki, leɓensa har rawa yake, malamarsu ta cire masa ita, na ba shi filis ɗin da na riƙo na ko-ta-kwana ya ƙarasa wunin da shi.

Kuskurena ɗaya, ban saya wa kaina takalmin kirki ba, na tsaya awa biyu a wuri ɗaya da na zuwa kasuwa, yatsun ƙafata sai da suka daina ji. Anti Nas na tuna maganarki, ban murza ba, na shiga ciki na zauna har suka dawo, da zafi kamar ana soka min allura. Safar hannu ta biyun ma ta yi rana, ta farkon ta jiƙe tun ƙarfe goma sha ɗaya.

Yanzu Ikram ta dame ni sai mun koma, wai har da ƙaninta. Shekarunsa 4. Anti Hauwa, irin wannan shirin zan yi masa, ko na ƙanana daban ne?

Hauwa, Otawa:
Shiri ɗaya ne, sai dai na waje ki saya masa mai haɗe riga da wando, don ƙanana birgima suke yi, dusar ƙanƙara na shiga ta ƙugu. Ki riƙa shigar da shi ɗaki duk bayan minti arba'in ko awa guda ko bai ce komai ba, su ba sa faɗa sai sun fara kuka. Kuma ki kai shi banɗaki kafin ki zuge masa zif ɗin ƙarshe. Ina da na ɗana Abba da ya yi masa kaɗan, ki turo min saƙo ta gefe in aiko miki.